Ƙara Da Ƙarfi: Tsokaci A Kan Fasa Salansar Babura A Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, watau daga Kurawa zuwa Sabon Birni har Isa, ya san cewa babur ya gaje aikin jaki da na doki da na raƙumi baki ɗaya. Shi ke kai buhun gero da na albasa kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti, shi ne jarin ɗan kabu-kabu, kuma da shi ake sada zumunci da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka a Jihar Maraɗi. Abin da ya kai wannan matsayi a rayuwar jama'a ya cancanci a san shi ciki da bai. To amma akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin samari, wadda ke nuna cewa hawan babur ya riga sanin babur isowa, ita ce ɗabi'ar fasa salansa. Yaro yakan sayi sabon babur, kafin ya cika mako biyu ya kai shi wurin mai walda a yanka salansar, a zare hanjinta, a mayar a liƙe, ko kuwa a cire ta ɗungum a maƙala wani guntun bututu a gurbinta. In an tambaye shi dalili sai ya ce ai yanzu injin ya sami numfashi, ya ƙara wuta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙara daban, ƙarfi daban, kuma salansa gaɓa ce daga gaɓoɓin inji, wadda aka auna tsawonta da faɗinta da lissafi. Ra'ayina shi ne mai fasa salansa yana asara ta fuska uku: a aljihunsa, da kunnensa, da kuma kwanciyar hankalin jama'ar da yake zaune a cikinsu. Kafin a kai ga wannan hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda inji ke aiki, domin kada magana ta zama zargi kurum.

Yadda Inji Ke Numfashi

Galibin baburan da ake hawa a yau, irin su Bajaj da TVS da Honda, suna da injin da za mu kira mai bugu huɗu, wanda wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. A cikinsa akwai silinda, watau ɗakin ƙona mai, da fistan mai hawa da sauka a cikinta, da kuma bawul biyu a samanta, ɗaya na shiga ɗaya na fita. A bugu na farko fistan yakan sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, silinda ta shaƙi iska gauraye da fetur daga kafireto. A bugu na biyu ya hau ya matse abin da aka shaƙa. A na uku filogi ya ba da wuta, gaurayen ya kama, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi, wannan turin kuwa shi ke juya taya. A na huɗu fistan ya sake hawa, bawul ɗin fita ya buɗe, hayaƙi ya fice ta salansa.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan sabuwar iska da man da silinda ta iya shaƙa a kowane zagaye. Idan tsohon hayaƙi ya rage a ciki, to ya tare gurbin da sabuwar iska za ta shiga, kamar tulun da aka bar ruwan jiya a cikinsa, ba zai ɗauki na yau ya cika ba. Saboda haka maƙeran inji suka shirya shi ta yadda a ƙarshen bugu na huɗu da farkon bugu na ɗaya, bawul ɗin fita bai gama rufewa ba na shiga ya soma buɗewa. A wannan ɗan taƙin, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, ƙofofin biyu duk a buɗe suke, kuma abin da ke faruwa a cikin bututun salansa yana iya shafar abin da ke shigowa ta kafireto. In bututun ya zuƙa a daidai lokacin, silinda ta wanku ta cika da sabon gauraye. In kuwa ya turo baya, hayaƙi ya koma inda ya fito.

Salansa Da Kakaki

To me zai sa bututu ya zuƙa ko ya turo? Amsar tana ga abin da kowane Bagobiri ya sani a ƙofar fada. Kakaki bututu ne dogo, shi ya sa muryarsa ke da kauri, ita kuwa sarewa gajera ce, muryarta siririya. Mai busa sarewa in ya toshe kafofinta da yatsu ya tsawaita hanyar da iska ke bi, sai amo ya yi ƙasa, in ya buɗe su ya gajarta hanyar, sai amo ya yi sama. Watau kowane bututu yana da nasa kari, gwargwadon tsawonsa. Salansa ma haka take, sai dai mai busa ta shi ne fistan.

Lokacin da bawul ɗin fita ya buɗe, hayaƙi mai zafin da ya haura digiri 600 yakan fito da ƙarfi, ya aika da wata taguwa ta matsi cikin bututu, kamar yadda taguwar ruwa ke tafiya idan an jefa dutse a tafki. Wannan taguwa da gudun sauti take tafiya. Gudun sauti a iskar da muke shaƙa kimanin mita 340 ne a daƙiƙa, amma a cikin hayaƙi mai zafi yakan kai mita 500 ko fiye. Idan taguwar ta isa wurin da bututu ya buɗe, ko ya faɗaɗa farat ɗaya, sai wani sashe nata ya juyo baya kamar amsa-kuwwa, amma a juye: ta tafi tana turi, ta dawo tana zuƙa. In kuwa ta ci karo da wurin da bututu ya tsuke, sai ta dawo tana turi kamar yadda ta tafi. Aikin injiniya shi ne ya auna tsawon bututun ta yadda taguwar zuƙa za ta iso bakin silinda a daidai ɗan taƙin nan da ƙofofin biyu suke buɗe.

Ga ɗan lissafi na misali. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyi 100 ke nan a daƙiƙa, saboda haka rabin juyi, watau hawan fistan daga ƙasa zuwa sama, yana cin kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa. A wannan lokacin taguwar da ke gudun mita 500 a daƙiƙa ta yi tafiyar mita biyu da rabi, watau zuwa da dawowa a bututun da ya ɗan ɗara mita ɗaya. Idan injin ya sauko zuwa juyi 3,000, lokacin ya ninka, bututun da zai dace da shi ma sai ya ninka. Ka'idar ke nan a taƙaice: dogon bututu na taimakon inji sa'ad da yake juyi a hankali yana jan kaya, gajere kuwa sai an ƙure totur yake amfani. Faɗin bututu ma yana da nasa hukunci. In ya tsuke da yawa ya shaƙe injin, in ya yi faɗi da yawa hayaƙi ya rasa gudunsa, kamar yadda ruwan gulbi ke sanyin tafiya in ya fita daga matsatsi ya bazu a fadama, alhali kuwa gudun hayaƙin da ya yi gaba shi ke taimakawa wajen janyo na bayansa.

Darasi Daga Inji Mai Bugu Biyu

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne a inji mai bugu biyu, watau wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin na Vespa da malaman makaranta suka yi yayi, da Jincheng ɗin da ya cika tituna a wajejen shekarar 2000, da ƙaramin janaretan da ake kunnawa a shaguna. Shi wannan ba shi da bawul irin na mai bugu huɗu. Kafofi ne a jikin silinda, fistan ke buɗe su ya rufe su da jikinsa, kuma kafar shiga da ta fita sukan daɗe a buɗe tare. Don haka wani sashe na sabon man da ya shigo yakan bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba.

Wani injiniya mai suna Walter Kaaden, na kamfanin babura na MZ da ke garin Zschopau a tsohuwar Jamus ta Gabas, shi ya yi fice wajen magance wannan matsala a shekarun 1950. Ya ƙera salansa mai tumbi, wadda ke faɗaɗa a hankali daga bakin silinda, sa'an nan ta sake tsukewa a ƙarshe. Sashen da ke faɗaɗa yakan mayar da taguwar zuƙa ta kwashe hayaƙi, sashen da ke tsukewa kuma ya mayar da taguwar turi, ta cusa man da ya tsere cikin silinda dab da fistan zai rufe kafar. Da wannan dabara, a 1961 ɗan injinsa na tsere mai cc 125 ya ba da ƙarfin doki kimanin 25, alhali babur ɗin kabu-kabu mai cc 100 na yau bai kai ƙarfin doki 10 ba. Ilmin ya yi daraja har ya shiga rikicin Gabas da Yamma, domin a wannan shekarar ce mahayin kamfanin, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma bayan gasar ƙasar Suwidin, ya koma kamfanin Suzuki na Japan, kuma a 1962 ya ci gasar duniya ta babura masu cc 50.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Ƙarfin da Kaaden ya samu daga awo da siffar bututu ya fito. Wanda ya sa zarto ya yanke salansar inji mai bugu biyu ya kawar da taguwar da ke mayar masa da mai, ya zama yana sayen fetur yana zubarwa ta baya.

Abin Da Ke Faruwa Idan An Fasa Salansa

Idan mai walda ya zare hanjin salansa, ko ya musanya ta da guntun bututu, abu uku ke biyo baya. Na farko, wurin da taguwa ke juyowa ya canja, sai ta riƙa isowa kafin lokacinta, injin ya rasa ƙarfin ja a ƙaramin juyi da matsakaici. Wannan kuwa shi ne ƙarfin da ake bukata a ƙasarmu. Hanyoyin ƙauyukan Kurawa da Gatawa da Unguwar Lalle rairayi ne da rani, taɓo da damina, kuma babur ba ya rabuwa da buhu ko fasinja. Mahayin da injinsa ya rasa ƙarfin ja dole ya riƙa saukowa ƙaramar giya yana murza totur, wannan kuwa shan mai ne.

Na biyu, an daidaita kafireto ne da salansar da babur ya zo da ita. In an canja ɗaya aka bar ɗaya, awon iska da fetur ya rikice, sau da yawa iska ta rinjayi mai. Gauraye irin wannan yana sa inji zafi fiye da kima, kuma waɗannan injuna iska ce kawai ke sanyaya su, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Bawul ɗin fita shi ke fara cin wuya, sa'an nan zoben fistan, daga nan sai hayaƙi da shan baƙin mai da zaryar gareji.

Na uku, man da bai gama ƙonewa ba yakan kama a cikin bututun idan an saki totur, shi ne wannan tas-tas ɗin da samari ke alfahari da shi. Fetur ne ke fashewa a wurin da babu fistan ɗin da zai tura. Da can da litar fetur ba ta kai Naira 200 ba, ana iya kawar da kai ga irin wannan ɓarna. Amma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ya ci gaba da hawa a bayan haka. Ɗan kabu-kabun da ke biyan balas kullum ga mai babur, kowane cokali na fetur daga bakin iyalinsa yake fita. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Hujjojin Masu Fasawa

Adalci ne a saurari masu wannan ɗabi'a, domin ruwa ba ya tsami banza. Hujjarsu ta farko ita ce sun gwada sun ji bambanci. Wannan magana tana da asali. A zamanin baburan da ake haɗa wa mai, ƙullum baƙin mai na ƙonewa yana tara kunkunniya a cikin salansa har ta toshe, babur ya kasa hawa ɗan tudu. Bakanike ya fasa ta, nan take babur ya farfaɗo, sai aka ɗauka cewa hanjin salansa shi ne abokin gabar inji. Alhali toshewar ce cutar, maganinta kuwa shi ne a kwance salansar a ƙone dattin a kakkaɓe, a mayar da ita yadda take. An gaji maganin wata cuta ana ɗura wa mai lafiya. Ban da haka kuma, kunne yana ruɗin mai shi: wanda ke jin ruri a bayansa yakan ɗauka yana gudu, ko da allurar gudu ba ta motsa ba.

Hujja ta biyu ita ce baburan tsere da ake gani a talabijin duk masu ƙara ne. Haka ne, kuma gaskiya ne cewa salansa mai sakin hayaƙi sosai tana iya ƙara ɗan ƙarfi a can ƙurewar juyi, in an sake daidaita kafireto da ita. Amma babur ɗin tsere an ƙera shi ne ya rayu a ƙurewar juyi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ba ya ɗaukar buhu, kuma ana kwance injinsa a kai a kai. Ƙarar da yake yi ta biyo bayan awon da aka yi wa bututunsa ne. Wanda ya kwaikwayi ƙarar ya bar awon, kamar wanda ya ɗaura rawani ne ya ce ya zama alƙali.

Hujja ta uku ita ce ƙara na sa a ji tahowar mutum a kauce masa. Amma bakin salansa baya yake kallo, mafi yawan amon ga waɗanda aka riga aka wuce yake zuwa, su da ba su da sauran bukatar gargaɗi. Wanda ke gaba, aikin ham ne da fitila da birki.

Akwai kuma wani kuskure a ɗaya ɓangaren, na wasu makanikai da ke cewa inji na bukatar a ɗan toshe masa hanya don ya riƙe ƙarfi. Wannan ma ba daidai ba ne. Duk matsin da fistan zai yi kokawa da shi wajen fitar da hayaƙi ragi ne daga ƙarfin da zai kai ga taya. Abin da inji ke so shi ne hayaƙi ya fita da gudu, taguwa kuma ta dawo a kan kari. Salansar kirki ita ce wadda ta haɗa wannan da rage amo.

Injin Fadama Da Na Niƙa

Maganar ba ta tsaya ga babur ba. Tun daga shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa da aka soma a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ƙananan injunan ban-ruwa suka bazu a fadamun gulbin Rima da Bunsuru da Gagare, inda ake noman albasa da tumatir da tattasai da shinkafa. Salansar irin wannan inji ƙaramin akwati ce, aikinta ya fi karkata ga rage amo da tare tartsatsin wuta da hana ƙura da ruwa shiga. Idan tsatsa ta cinye ta, manomi yakan bar injin haka nan, ko ya sa a liƙa masa guntun bututun famfo wanda ya fi na asali tsukewa. Na farko ya bar tartsatsi kusa da busasshen kara a lokacin hunturu, na biyu kuma ya shaƙe injin, ruwa ya ragu, shan mai ya ƙaru. Haka masu janareta ke yi in suna son fitar da hayaƙi waje, su haɗa dogon siririn bututu mai lanƙwasa da yawa. Niyyar mai kyau ce, domin a cikin hayaƙin akwai guba marar wari mai kashe mutane cikin barci, amma kamata ya yi a fitar da injin kansa sarari, in kuwa dole sai an ƙara bututu, to ya fi na asali faɗi.

Sai batun kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa amon da ya kai ma'aunin desibel 85 bai kamata a zauna cikinsa fiye da awa 8 a rana ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Mai injin niƙa da manomin rani da ɗan kabu-kabu wuni suke yi kusa da inji. Kurumtar da amo ke jawowa a hankali take shigowa, ba ta da zafi, kuma in ta zauna ba ta warkewa, domin ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa.

Ƙara A Ƙasar Da Ke Cikin Fargaba

A wani wuri ƙarar babur damuwa ce kurum, a hana mutum barcin rana. A Sabon Birni da Isa al'amarin ya wuce nan. 'Yan bindigar da suka addabi wannan yanki a kan babura suke zuwa. A watan Mayu na 2020 sun auka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa na Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, suka kashe mutane fiye da 60, kuma dubban jama'a sun ƙetara zuwa Jihar Maraɗi gudun hijira a waɗannan shekaru. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta kai ga taƙaita zirga-zirgar babura da dare, da hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan biyu.

Jama'ar da ta ga irin wannan, da kunne take gadin ranta. Tsohuwa da ke kwance a ɗaki tana iya bambance babur ɗaya da ayari, kuma a kan abin da ta ji take yanke shawarar ta ta da jikoki ko ta bar su su yi barci. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To saurayin da ya shigo gari bayan magariba da fasasshiyar salansa, babur ɗaya na rurin guda biyar, yana sakin totur tana tas-tas kamar harbi, me yake gaya wa wannan tsohuwa? Ko dai ya ta da unguwa a banza, mai ciki ta ruga, yaro ya ɓace a duhu, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya saba wa mutane da irin wannan amo har ranar da na gaskiya ya zo su ce ai yaran nan ne. Bugu da ƙari yana jefa kansa cikin haɗari, domin mai tsaron gari da ke cikin ɗar-ɗar ba lalle ne ya tsaya tambaya ba. Wannan ita ce asarar da ta fi girma, kuma ba mai babur kaɗai ke biyan ta ba.

Shawarwari

Dokar hana amo tana nan, domin hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fitar da ƙa'idojin ƙayyade amo tun 2009. Sai dai babu mai hankalin da zai jira jami'i ya zo Kurawa da na'urar awon sauti. Gyaran yana hannun waɗanda ke kusa.

Da farko makanikai da masu walda, su ne limaman wannan al'amari, domin maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen mai babur. Ya kamata ƙungiyoyinsu su yi matsaya cewa ba za a fasa lafiyayyar salansa ba, wadda ta toshe a wanke ta, wadda ta huje a liƙe ta, wadda ta mutu a musanya ta da mai tsawo da faɗi irin nata. Na biyu, shugabannin 'yan kabu-kabu su hana mai fasasshiyar salansa layi a tasha, kamar yadda za su hana marar birki. Na uku, masu ba da babur haya su sa wannan cikin sharaɗi, tun da injinsu ne ke ƙonewa. Na huɗu, hakimai da dagatai da masu unguwanni su ɗauki maganar a matsayin ta tsaro, su tsawatar tun daga gida. Na biyar, makarantun koyon sana'a da gidajen rediyo, irin su Rediyon Rima, su bayyana wa jama'a yadda inji ke numfashi da harshen da bakanike da yaronsa za su gane.

Ga wanda kuma bai gamsu ba, akwai gwaji mai sauƙi. A sami babura biyu iri ɗaya masu shekaru ɗaya, guda da salansarsa ta asali, guda fasasshiya. A zuba wa kowanne lita ɗaya, a ɗora musu kaya daidai, su bi hanyar rairayi ɗaya da gudu ɗaya, a ga wanda zai riga tsayawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa salansa tana aiki ne da taguwar da ke kai da komowa a cikinta, kuma tsawonta da faɗinta su ke ƙayyade ko za ta taimaki inji ko ta cuce shi. An nuna cewa fasa ta na rage ƙarfin ja, yana ƙara shan mai, yana gajarta ran inji, yana lalata ji, sa'an nan yana ƙara wa jama'ar da ke cikin fargaba wata fargabar. Samarin da ke wannan aiki ba mugunta ke sa mafi yawansu ba, ƙuruciya ce da son a san da su, da kuma rashin mai yi musu bayani. Nauyin bayanin yana kan duk wanda ya sani, musamman mu da jama'a suka tura makaranta, in mun koma gida hutu. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Babur ɗin kirki shi ne wanda ya kai buhu kasuwa, ya dawo da sauran mai a tanki, ya shiga gida bai ta da maƙwabta ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.